Hannun Ɗan'uwa A Gefen Gadon Mai Doguwar Suma

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya. Mun buga shi yadda ya faɗe shi, saboda roƙon waɗanda ba su sami halarta ba.)



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai lafiya Mai ba da lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban ƙungiya, malamanmu, dattawa, iyayenmu mata, da ku matasa direbobi da 'yan acaba da 'yan tebur, barkanmu da zuwa. Allah Ya saka wa kowa da alheri da ya rufe rumfarsa ya taho.

Mu dai 'yan kasuwa ne, karatunmu na allo ne da na Islamiyya. To amma matambayi ba ya ɓata. Abin da za mu faɗa yau mun tattaro shi ne daga bakin likitoci da malaman jinya, da abin da masana suka rubuta, da kuma abin da idonmu ya sha gani a bencin asibiti. Maganar guda ɗaya ce: idan ɗan'uwa ya bugu a kai ya shiga doguwar suma, aka kwantar da shi a ɗakin kulawa ta musamman, wato wanda ma'aikata ke kira Ai-Si-Yu, hannun danginsa yana da aikin yi a jikinsa. Amma hannun nan sai da sani, sai da tsabta, sai da izinin likita.

Inda muke zaune

Kowa ya san yadda aka yi muka taru a nan. A 1976 aka tsai da shawarar gina sabon babban birnin ƙasa, garin nan ya bar wa sabon birnin sunansa na Abuja, shi kuma ya koma Suleja. Da gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991, sai jama'a suka yi ta kwararowa. Daga Kano, daga Katsina, daga Sakkwato da Zamfara da Kabi, har daga Maraɗi da Damagaram. Muka tarar da Zage-zagin Suleja da 'yan'uwanmu Gbagyi da Koro, suka karɓe mu, muka zauna a Madalla da Gauraka da Kwamba da Maje da sauran unguwanni.

To, arzikinmu a kan titi yake, kuma a kan titin nan ne bala'in yake. Babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna ta gindin Dutsen Zuma ta ratsa. Ga hanyar Minna, ga mararrabar Zuba inda ake karkata zuwa Gwagwalada da Lokoja. Tun da aka hana acaba a tsakiyar birnin Abuja a watan Oktoba na 2006, 'yan acaba da yawa garuruwan kewaye suka dawo, har da namu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya a faɗin duniya. Wanda kuwa ya faɗo daga babur ba hular kwano, sau da yawa kai ne ke fara isa ƙasa.

Idan abin ya auku, akan garzaya da mutum Babban Asibitin Suleja. In buguwar ta yi tsanani a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko Asibitin Ƙasa da ke cikin Abuja. A nan ne bambancinmu da mutanen gida yake fitowa fili. Da a garinsu ne, kafin magariba uwa ta zo, mata ta zo, goggo da inna sun shimfiɗa tabarma. Amma yaron da ya zo ci-rani wa yake da shi? Abokin kwanan shago. Kafin labari ya kai ƙauye, a haɗa kuɗin mota, a taso, an yi kwana uku ko huɗu yana kwance, babu muryar da ya sani, babu hannun da ya sani. Wannan shi ne ya sa maganar ta zama ta ƙungiya.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ƙwaƙwalwa abu ce mai laushi, kamar awara, an kuma rufe ta cikin ƙoƙon kai wanda ba ya buɗewa. Idan ka buge a ƙafa ta kumbura, tana da wurin kumbura. Ita ƙwaƙwalwa ba ta da shi. In ta kumbura, ko jini ya taru a ciki, sai matsi ya ƙaru, jini mai kai mata iska ya kasa shiga yadda ya kamata. Saboda haka a kwanakin farko duk faman likitoci shi ne su tsare numfashi, su tsare ƙarfin jini kada ya faɗi, su rage kumburin. Shi ya sa za ku ga an ɗaga wajen kan gadon kamar digiri 30, an sa robar numfashi a maƙogwaro, an yi hoton kai, wani lokaci ma a shiga tiyata a kwashe gudan jini, ko a ɗauke wani ɓangare na ƙashin kai na ɗan lokaci don ƙwaƙwalwar ta sami sarari. Kuma ku sani, wani baccin da kuke gani ba duka ciwon ne ya kawo shi ba. Likitoci da kansu sukan ba da maganin bacci don kai ya huta.

Suna da ma'auni na zurfin sumar, kamar yadda muke da mudu da tiya. Wasu likitoci biyu na birnin Gilasgo a ƙasar Sukotlan, Graham Teasdale da Bryan Jennett, su suka fito da shi a 1974. Ana duba abu uku: buɗe ido maki 4, magana maki 5, motsin jiki maki 6. Mai cikakken hayyaci yana da 15, mafi ƙasa kuwa 3. Daga 8 zuwa ƙasa ana cewa buguwar mai tsanani ce. To maimakon kullum a tare malamar jinya da "yaya mai jiki?" ta ce "da sauƙi", gara mai jinya ya tambaya cikin ladabi: yau maki nawa ne, kuma yana kan maganin bacci ko an rage? Da haka zai san ko gaba ake yi ko baya.

Shin yana jin mu?

Wannan ita ce tambayar da ke bakin kowace uwa. A 2006 wani masani mai suna Adrian Owen da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka sa wata budurwa 'yar shekara 23 cikin na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa. Haɗarin mota ya rutsa da ita, ta yi watanni ba ta amsa kowa. Suka ce mata ta raya a zuciyarta tana buga ƙwallon tanis, sannan ta raya tana zaga ɗakunan gidansu. Jama'a, sai ƙwaƙwalwarta ta yi aiki daidai da ta masu lafiya da aka ba wannan umarni. Jiki shiru, amma tana ji, tana kuma fahimta.

A 2024 an buga wani babban bincike da aka yi a cibiyoyi shida na Amurka da Turai. Cikin mutum 241 da ba sa nuna alamar bin umarni ko kaɗan, an sami 60 da ƙwaƙwalwarsu ke amsawa. Wato kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Ba kowane mai suma ne ke ji ba, amma mai tsaye a gefen gado ba shi da hanyar rarrabe mai ji da marar ji da ido. Don haka ƙa'ida ita ce, a ɗauka yana ji. Duk maganar da ba za ka faɗa a gabansa yana zaune ba, kada ka faɗe ta a gabansa yana kwance.

Abin da hannu yake yi

Iyayenmu mata sun riga masu bincike sanin wannan. Jariri na kuka, uwa ta goya shi ta riƙa ɗan bubbuga shi, sai ya yi tsit. Tsoho na fama da zazzaɓi, jika ya zauna yana matsa masa ƙafa, sai bacci ya ɗauke shi. Masana a ƙasar Suwidin sun gano cewa a fatar ɗan'adam, musamman inda gashi ke fitowa kamar bayan hannu da dantse da gadon baya, akwai wasu jijiyoyi na daban da suka fi amsa shafa ta sannu-sannu, wadda ba ta wuce tafiyar santimita 1 zuwa 10 a daƙiƙa ba, kuma sun fi amsa hannu mai ɗumin jikin mutum. Saƙonsu yana zuwa ne sashen ƙwaƙwalwa mai kula da jin daɗi da natsuwa. Ikon Allah ke nan, an halicci fata da wurin karɓar lallashi.

Yanzu ku dubi halin wanda ke ɗakin nan. Kusan duk hannun da ke taɓa shi na aiki ne: a soka allura, a zuƙe majina, a haska masa tocila a ido, a matse shi don a ga ko zai motsa. Duk don lafiyarsa ake yi, amma babu mai daɗi a ciki. Ga ƙarar na'urori dare da rana. Hannun uwa ko na mata shi kaɗai ne ke zuwa ba da zafi ba.

A Jamus, wani malami mai suna Andreas Fröhlich ya tsara hanyar isa ga yara masu matsananciyar naƙasa ta taɓawa da motsi a shekarun 1970, daga baya wata malamar jinya, Christel Bienstein, ta shigo da ita aikin jinyar manya, har da masu suma. Cikin abin da suke koyarwa akwai taɓawar sallama. Ana zaɓar wuri ɗaya a jikin maras lafiya, misali kafaɗar dama, a rubuta a manna a saman gado. Duk wanda ya zo sai ya fara ɗora hannu a wurin ya kira sunansa, haka kuma in zai tafi. Da haka maras lafiya yake gane an zo, an kuma tafi, ba ya zama cikin firgita. Mu da muka tashi da ladabin ba a shiga gida sai da sallama, wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

A Iran ma, ƙasar Musulmi masu riƙon dangi kamar mu, an gwada abin a asibiti. A wani bincike na 2009 da aka yi da masu buguwar kai 50, an bar dangin rabinsu suna shiga kullum na ɗan lokaci har kwana 6, suna yi musu magana suna taɓa su. Makinsu ya ɗara na sauran. A 2016 a birnin Shiraz aka raba mutum 60 kashi uku: wasu dangi ke yi musu, wasu malaman jinya, wasu kuma kulawar da aka saba kawai. Bayan mako guda, na hannun dangi su ne a gaba. A Shikago ta Amurka kuwa, Theresa Pape da abokan aikinta sun buga sakamakonsu a 2015. Sun sa dangi sun naɗi labaran da maras lafiya ya sani da muryoyinsu, ana sa masa a kunne sau huɗu a rana har mako shida. Mutum 15 ne da suka daɗe a sume, kuma waɗanda suka ji muryar danginsu sun fi saurin nuna alamar dawowa.

Amma fa kada a fita daga zauren nan a ce mun ce shafa tana tayar da mai suma. Waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne. A 2002 wasu masana da suka tattara binciken da ake da shi a lokacin sun ce hujjar ba ta kai a yanke hukunci ba, kuma har yau likitoci na ɗaukar abin a matsayin taimako ne a kan magani. Tiyata tana nan, magani yana nan, injin numfashi yana nan. Hannun ɗan'uwa ƙari ne. Sai dai ƙari ne wanda ba a biya masa ko kwabo, kuma in an bi ƙa'ida ba ya cutarwa.

Addininmu ma ya riga ya nuna mana hanyar. Ya zo a Bukhari da Muslim ta hanyar Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah (SAW) yakan shafi maras lafiya da hannunsa na dama ya yi masa addu'a. Malamanmu ga su nan, su suka fi mu sanin bayanin.

Yadda ake yi

Na farko, izini. A kwanakin farko, lokacin da kumburi ke kan ganiyarsa, likita na iya cewa a bar shi ya huta, kada a taɓa, kada a yi surutu. In ya faɗi haka a bi, domin motsa shi a lokacin na iya ƙara matsin cikin kai. A tambaya: yaushe za mu fara, ina za mu taɓa, ina ne ba za mu taɓa ba?

Na biyu, tsabta. A wanke hannu da sabulu, ko a shafa maganin da ke bakin ƙofa, kafin shiga da bayan fitowa. A yanke farce, a cire zobe da agogo. Mai mura ko tari ko gudawa ya yi zamansa a waje, addu'arsa ta isa. Mutumin da ke da roba a maƙogwaro da jijiya ƙofofin jikinsa a buɗe suke ga ƙwayar cuta.

Na uku, sallama. Ka tsaya ta inda malamar jinya ta nuna maka. In hannunka da sanyi ka ɗan murza shi ya yi ɗumi. Ka ɗora shi a kafaɗarsa, ka kira shi da sunan da ake kiransa a gida, ka faɗi ko kai wane ne. Ka gaya masa yau wace rana ce, yana wane asibiti, me ya faru da shi a taƙaice, kuma ana kula da shi.

Na huɗu, shafar kanta. Da tafin hannu gaba ɗaya ake yi, ba da kan yatsa ba, don kada ta zama cakulkuli. Riƙe masa hannu, ka shafa daga dantse zuwa yatsu sannu a hankali. In an yarda, a shafi goshi ko kumatu ko tafin ƙafa. Wannan ba irin tausar da ake yi wa ɗan dako bayan ya sauke buhu ba ce. Lallashi ne.

Na biyar, ƙayyade lokaci. Minti 10 zuwa 15 ya isa a zama ɗaya. Mutum ɗaya ke magana, sauran su yi shiru. In an gama yi masa wanka ko zuƙe majina, a bari ya huta tukuna. Dare kuma na bacci ne, ƙwaƙwalwar da ke jinya tana bukatarsa fiye da ta kowa.

Na shida, lura. In ka ga ya haɗa gumi, ko jikinsa ya sandare, ko ya yamutsa fuska, ko numfashi ya sauya, ko na'ura ta fara ƙara, ka ɗaga hannunka ka kira malamar jinya. In kuma ka ga ya matse maka yatsa, ko ido ya bi ka, ka riƙe lokacin ka gaya musu. Wani motsin na jijiya ne kawai, wani kuwa alama ce ta gaske, su ne za su tantance. Sau da yawa dangi ne ke fara ganin sauyi, domin su suka san fuskar.

Me za a ce masa? A ba shi labarin gida: damina ta yi kyau, 'yarsa ta kai izu kaza, abokinsa na riƙe masa da rumfa. A karanta masa surorin da ya saba ji, da murya ƙasa-ƙasa, tare da tunawa akwai wasu marasa lafiya a ɗakin, wataƙila ma ba Musulmi ba. Game da wanda zai taɓa kuwa, a fifita mata ga mijinta, miji ga matarsa, iyaye da 'ya'ya da sauran muharramai. In mace ce ke kwance ba ta da kowa, to ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, iyayenmu mata na ƙungiya su za su tsaya.

Abin da ba a yi

Ku ji wannan da kunnen basira, don a nan ne ƙauna takan zama cuta.

Kada a ɗura wa mai suma komai a baki. Ko rubutu, ko zamzam, ko zuma, ko kunu. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya daidai, abin huhu yake wucewa, ya zama ciwon huhu mai kisa. Mai son tabarruki ya nemi izini ya ɗan shafa masa a hannu. Addu'a kuma ba sai an tofa a fuskarsa take karɓuwa ba.

Kada a jijjiga shi, kada a ɗaga masa kai, kada a juya masa wuya. Buguwar kai takan zo da rauni a ƙashin wuya, motsi ɗaya na ganganci na iya taɓa laka ya shanye jiki har abada. Kada a kusanci wurin da aka yi tiyata, balle inda aka ɗauke ƙashi.

Kada a matsa masa sha-raɓa. Wanda ya daɗe a kwance jini kan daskare a jijiyar ƙafarsa, in aka murza gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. In ka ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumbura ko zafi, ka sanar, kada ka taɓa.

Man kaɗanya da man zaitun da na habbatus sauda duk sai an tambaya, kuma ba a kai su kusa da rauni ko roba. Basilin da makamantansa ba a shafa su kusa da robar iskar oksijin, don suna iya jawo gobara. Turaren wuta kuwa ko kusa.

Kada a cika ɗaki. Mun san mu mutanen dubiya ne, mota guda mukan yi. Amma ɗakin nan ba zauren suna ba ne. In ma'aikata suka ce mutum ɗaya, to ɗaya ne, ba wulaƙanci ba ne. Kada a yi kururuwa a kansa, kada a yi zancen bashi ko gado, ko a ce "wannan kam sai dai addu'a". Kuma don Allah matasa, a daina ɗaukar hoton mutum a wannan hali ana watsawa a WhatsApp da Facebook. Mutuncinsa bai suma ba.

Sannan idan Allah Ya sa ya fara farfaɗowa, yakan zo da ruɗewa. Ya riƙa fizge-fizge, ya tsige roba, ya zagi wanda bai taɓa ɗaga wa ido ba, ya kasa gane matarsa. Likitoci sun san wannan mataki, daga raunin ne. A nan ne wasu kan ce iska ce, su sa hannu a takarda su ɗauke shi daga asibiti. Wallahi asara ce babba. A lokacin ne ma ya fi bukatar hannu ɗaya da ya sani, da murya mai sanyi. Bayan an fito da shi ɗakin jama'a, ko an sallame shi, aikin hannu ƙaruwa yake yi: juya shi kamar kowane awa biyu don gudun gyambon kwanciya, da miƙe masa gaɓoɓi yadda likitan gashi ya koyar don kada su ƙage. Abu ne na watanni, wani ma na shekaru. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da muke roƙon ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwari shida muna ajiyewa gaban shugabanni.

Ɗaya, a buɗe rajista. Kowane ɗan ƙungiya, musamman 'yan acaba da masu zuwa ci-rani, a rubuta sunansa da garinsu da lambar wayar mutum biyu na gida. A ba shi ɗan kati ya riƙa yawo da shi a aljihu, don kada a kwantar da ɗanmu a matsayin wanda ba a san ko wane ne ba.

Biyu, a tsara masu jinya. Ga kowane maras lafiya a ware mutum uku ko huɗu da ya saba da su, su riƙa karɓa-karɓa, ba kullum sabuwar fuska ba. A cikinsu a naɗa mutum ɗaya mai natsuwa wanda shi kaɗai zai riƙa magana da likitoci ya kawo wa sauran bayani. Maƙwabtan rumfa kuma su riƙe wa mai jinya kasuwarsa.

Uku, daga asusun taimako, bayan kuɗin magani, abu na gaba shi ne kuɗin motar uwa ko mata, a aika tun ranar farko. A sama mata masauki da abinci a gidan ɗayanmu. Naka sai naka.

Huɗu, kafin ta iso, ko in tsufa ya hana ta tasowa, a sa ta naɗo muryarta a waya. Ta kira sunansa, ta sa masa albarka, ta ba shi labarin gida. A nemi izinin ma'aikata a riƙa sa masa a hankali, wani na riƙe da hannunsa.

Biyar, a gayyato malamin jinya da likitan gashi, cikin 'ya'yanmu ma akwai su, su nuna mana abin nan a aikace, maza daban mata daban. Su kuma koya wa matasa yadda ake ɗaukar wanda ya yi haɗari: ba a kinkimarsa hannu da ƙafa kai na reto, ba a fizge masa hular kwano, ba a ba shi ruwa. A riƙe kai da wuya a miƙe, a kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122.

Shida, hular kwano. Manyanmu na tune da ranar 1 ga Janairu 2009, da aka fara tilasta ta, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su tsere wa kamu. An yi dariya, amma ƙwarya ba ta tare kwalta. Binciken da aka tattara a 2008 ya nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, na raunin kai kuma da kusan kashi 69. Mu masu saya wa yara babur su riƙa kawo balas, mu haɗa musu da hula biyu, mu sa ta cikin sharaɗi. Rigakafi ya fi magani.

Jama'a, rai na Allah ne. Wani za a yi masa duk abin da muka lissafa ya tashi ya koma kasuwa, wani ya tashi da naƙasa, wani kuma kwanansa ya ƙare. Ba mu da iko a kan wannan. Abin da ke hannunmu shi ne kada ɗan'uwanmu ya yi jinya a baƙon wuri kamar wanda ba shi da kowa. In ya tashi, ya tashi a hannun nasa. In kuma tafiyar ce, ya tafi da hannun ɗan'uwa a cikin nasa, da kalmar shahada a kunnensa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To idan ƙafar ta kai mu bakin gado, sai hannu ya karɓi aikin.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya saka wa likitoci da malaman jinya da ke kwana a tsaye a kansu. Allah Ya tsare mu da sharrin ƙarfe, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya albarkaci kasuwanninmu da zuriyarmu. Amin.